Baƙuwa a Ƙarƙashin Gadon Kaka

Kafanchan, Asabar 6 ga Satumba

Yaya Marcel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata ka isa lafiya, kuma abincin seminari, makarantarku ta koyon aikin Fada, bai fara ramar da kai ba. Mu nan lafiya lau. Ƙafafun Kaka suna nan yadda ka bar su, sun ɗan ƙara kumbura da ruwan nan da ake ta yi. Mama tana gaishe ka, ta ce ka dinga sa rigar sanyi. Ka ce Fadan da ke kula da ku yana buɗe kowace wasiƙa kafin ya miƙa wa mai ita, kuma ba ya jin Hausa, shi ya sa na rubuta da ita.

To Yaya, malaminka na Gidan Waya bai zo ba. Ka ce kwana uku kawai zan riƙe maka mesar nan ya zo ya ɗauka. Yau kwana goma sha ɗaya. Ran Laraba na ari wayar Mama, na kira lambar da ka bar mini. Matarsa ce ta ɗauka, ta ce ya tafi ƙaro karatu, sai Kirsimeti. Ta ce, "Wace ce ke magana?" Sai na kashe. Ka san ni.

Mesar tana nan cikin akwatin katakon da ka huda wa ramuka, a sito, bayan buhunan gawayi. Ba wanda ya sani. Kullum da na gama yi wa Kaka wanka na ba ta magani, sai in ɗauki littafi in shige sito. Mama tana tsammanin littattafan soyayyata nake karantawa. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, ina karantawa, ita kuma tana ji.

Amma ba ta cin komai. Na ba ta ɗanyen ƙwai, na ba ta dafaffe, na ba ta kifi, har fara na kamo mata a bayan kicin. Da na ɗaga murfi sai ta naɗe kamar gammo ta cusa kanta a tsakiya. Ranar da ka karɓo ta a Kasuwan Magani daga hannun mutumin da zai yanka ta don kitse, ka ce ka cece ta. In ta mutu da yunwa a hannuna fa? In kuma Mama ta gan ta, ka tuna abin da ta yi wa ɗan macijin da ya shigo bayan gida bara. Da taɓarya, tana dukansa tana waƙar Zumuntar Mata.

Na sa mata suna Caroline. Kada ka yi dariya. Sunan yarinyar labarin da nake rubutawa ne a bayan tsohon littafin lissafina. Ita ma tun shafi na farko a ɗaki ɗaya take, har yanzu ban san ta inda zan fitar da ita ba.

Ƙawayena su Doreen sun fara koyon kwamfuta a cikin gari. Na tambayi Mama ko zan bi su, ta ce wa zai zauna da Kaka? Tun da ka tafi ban wuce ƙofar gida ba sai ran Lahadi. Gobe a coci bayan addu'ar Mas zan ba Baba Celestine direban bas wannan takarda. Don Allah ka ba da amsa ta hannunsa, ka gaya mini me zan yi.

Ƙanwarka,
Kamsiyochi

*

Seminari, Lahadi 14 ga Satumba

Kamsi ƙanwata,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Lafiyata ƙalau, sai dai ƙararrawa. Da ita muke tashi, da ita muke ci, da ita muke yin shiru. Ran Lahadi kaɗai ake ba mu awa ɗaya na rubutu. Fada ya juya takardarki sama da ƙasa, ya ce wane yare ne wannan, na ce na gidanmu ne. Ki gaishe mini da Kaka da mamarki Anti Angelina.

Laifina ne, na sani. Na ɗora miki kaya na hau mota. Ki yi haƙuri ki riƙe mini ita zuwa Kirsimeti.

Ki daina ba ta kifi, Madam Soyayya, ba Juma'ar azumin cin nama take yi ba. Ɓera take ci, ƙarami, wanda kaurinsa bai wuce kaurin tsakiyar jikinta ba, kuma da ɗuminsa, domin da ɗumi take gane abinci. Kada ki tsorata da ƙin cin nan. Irinsu in an sauya musu wuri sukan yi wata guda ko fiye ba su taɓa komai ba. Ki sa mata ruwa a kwano mai nauyi, ki kifa mata fasasshiyar tukunya ta dinga shiga ciki. Ba ta da dafi, kuma naɗewar nan tsoro ne, ba fushi ba. In za ki ɗauke ta, ki sa hannu biyu a ƙarƙashin tsakiyarta, kada ki nufo kanta daga sama.

Ga babban abu, ki ja masa layi. Ranar da ta ci, kada ki taɓa ta har kwana biyu cur. Ko akwatin kada ki motsa. In aka dame ta da abinci a ciki amayar da shi za ta yi, amai kuwa yana galabaitar da su ƙwarai, sai an jira mako biyu kafin a sake ba ta wani.

Anti kam kin sani. Amma wadda na fi jin tsoro Kaka ce. Shekara nawa tana durƙuso a gaban siffar Uwa Maryamu da ke kan teburinta, wadda ta taka kan maciji? Ga hawan jini. Ta ga wannan a gidanta, asibiti za mu kwana. Kada ta sani.

Yarinyar labarinki kuma, ki buɗe mata taga mana.

Yayanki,
Marcel

*

Kafanchan, Asabar 27 ga Satumba

Yaya Marcel,

Barka da ƙararrawa. Muna lafiya. Kaka ta yi mura kwana uku, ta warke. Sakamakon jarrabawata ya fito, na ci duka har da lissafi. Mama ta yi rawa a tsakar gida, ta gama ta ce mu ga abin da baɗi zai kawo, yanzu dai Kaka. Na ce to.

Ka rubuta "ɓera da ɗuminsa" kamar ana sayar da shi a bakin titi tare da ƙosai. Na ɗana tarkon nan na waya sau shida. Sau biyu ya kama, amma kafin in samu shiga sito ya sandare ya yi sanyi. Na riƙe wutsiyarsa da tsinke biyu ina kaɗa mata shi, ina kau da kai. Ta leƙo daga cikin tukunya, ta fito da harshe sau ɗaya, ta koma. Mai rai kuwa ba na iya kamawa, sun fi ni wayo. Wa zan roƙa? In je wajen maƙwabta in ce a taimake ni da ɓera?

Na ɗauke ta, Yaya. Sai da na yi kwana biyu ina tsaye a kan akwatin kafin na iya. Na zaci za ta yi santsi da damshi, ashe a bushe take, da laushi kamar sabuwar jakar fata. Ta daɗe a dunƙule a tafin hannuna. Can sai ta zaro kai a hankali ta bi hannuna ta naɗe mini wuyan hannu. A littattafai in an riƙe hannun yarinya ana cewa duniya ta tsaya. Ban taɓa zaton nawa na farko mesa ce za ta yi ba.

Makon jiya idonta ya yi fari kamar na makaho, na yi kuka na ce na makantar da ita da duhun sito. Ashe saɓa za ta yi. Fatar tana cikin littafina, da ita nake alamar shafi.

Amma ta rame. Ƙashin bayanta ya fara fitowa kamar bakin kwanon rufi. Wata guda ke nan. Kullum in na ɗaga murfi sai na rufe ido tukuna.

Kamsi

*

Kafanchan, Asabar 11 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya, ni ce dai ban sani ba. Ban sami amsarka ba tukuna, amma ba zan iya jira ba. Ta ci, Yaya. Ta ci, ni kuma na ɓata komai.

Yau da safe Mama tana wanki, na shiga sito, sai ga ɗan ɓera a tsakiyar ɗaki, daidai girman da ka ce. Bai gudu ba. Tafiya yake a hankali yana tangaɗi kamar wanda ya kwana a gidan burkutu. Na kifa masa kwano. Na ce Allah ya ji addu'ata. Na sake shi cikin akwatin na rufe, na sa ido a rami. Ta fito daga tukunya, ta tsaya cak, sannan kafin in ƙifta ido ta kama shi ta nannaɗe. Ta haɗiye shi ta kai. Na zauna a ƙasa ina dariya ba sauti, na rantse wa kaina ko iska ba za ta taɓa akwatin nan ba sai Litinin.

Ba a yi awa biyu ba na ji hon a ƙofar gida. Kawu Andrawus ne da akori-kura cike da doyar Kagoma. An ce sai mako mai zuwa, wai yau ya samu mota. Mama ta ɗaga murya, "Kamsi! Buɗe sito, a fitar da gawayin nan!"

Akwatin ya fi ƙarfina, kuma ta gabansu zan wuce. Na tuna layin da ka ce in ja. Na tuna taɓarya. Na sa hannu na ɗauke ta, na naɗe ta a zani na rungume a cikina, na fito.

Kawu ya tare ni a baranda.

"A'a, 'yar gidan reluwe! Ba gaisuwa?"

"Ina kwana, Kawu."

"Angelina, har yanzu 'yarki ba ta koyi ɗaga murya ba? Me kika dunƙule a ciki haka, wani littafin ne?"

Na ce e. Tana motsi a jikina, shi kuma sai ya tambayi jarrabawa, ya tambayi Kaka, ya tambaye ka. Da ya sake ni na faɗa ƙofar da ta fi kusa. Ɗakin Kaka.

Na zaci barci take. Na durƙusa a tabarma, zanin ya kwance, Caroline ta zame ƙasa tana murɗawa, ta buɗe baki. Yaya, ba zan kwatanta maka ba. Ɓeran ya fito gaba ɗayansa. Mako shida ina jiran cin nan.

Na ɗaga kai, Kaka tana zaune a gado, carbin rosari a hannunta, idonta a kanmu. A bayanta Uwa Maryamu da ƙafarta a kan maciji. Na jira ihu. Na jira ta faɗi.

Ta ce, "Rufe ƙofa."

Na rufe. Ta nuna kwandon kayanta mai murfi, ta nuna ƙarƙashin gado. Na sa ta a ciki na tura. Ta nuna ɓeran ta ce, "Kwashe wancan, ki binne." Shi ke nan. Tun daga lokacin ba ta ƙara ce mini komai ba. Na kai mata abincin rana ta ture. Leɓenta yana motsi, ba kuma addu'ar da na sani ba ce. Ina jin jira take Kawu ya tafi ta gaya wa Mama.

Caroline tana kwance a kwando ko naɗewa ba ta yi. Na karya dokarka guda ɗaya da ka ce in ja wa layi, kuma na kai ta ɗakin da ka ce kada in kai ta. Ka yafe mini.

Kamsi

*

Seminari, Lahadi 5 ga Oktoba

Kamsi,

Salama. Lafiyata ƙalau, na sami taki ta 27, barka da jarrabawa. Sauran gaisuwa sai wani jiƙon, karanta wannan da sauri.

Yau aka ba mu sabuwar doya, ina cikin ci sai na tuna. Na manta abu. Duk shekara, kamar mako guda kafin doyar Kagoma ta iso, Anti tana sa maganin ɓera a sito. A murafen gwangwani take zubawa, ta tura su kusurwoyi da sassafe kafin ta tafi makaranta. Ba ta gaya wa kowa, ni na sani don ni take aika sayowa.

Daga yau kada ki ba ta ɓeran gidanmu. Ko ɗaya. Musamman wanda ya tsaya kika kama shi cikin sauƙi, wannan ya riga ya ci guba, in ta haɗiye shi ya narke a cikinta, ita ma ta tafi. Gara ta ƙara wata guda da yunwa.

Akwai wata Malama Zamzam a Gidan Waya, bayan masallacin da ke kusa da tashar babura, tana kiwon fararen ɓeraye don ɗaliban kimiyya. Nata masu tsabta ne. Na san fita tana miki wuya, ki nemi dalili.

Allah ya sa takardar nan ta riga doya isowa.

Marcel

*

Kafanchan, Asabar 18 ga Oktoba

Yaya Marcel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai jinƙai. Kowa lafiya. Kowa, har da ita. Na fara da wannan don na san wasiƙata ta makon jiya za ta hana ka cin abinci.

Ran Lahadi bayan Mas na miƙa wa Baba Celestine tawa, shi kuma ya miƙo mini taka. Na buɗe a bayan coci. Na zauna a kan dutse na sake karantawa. Muna isa gida na shiga sito na leƙa bayan doya. Murafen gwangwani huɗu, Yaya, ɗaya ma a bayan inda akwatinta yake. Ashe ɗan mayen ɓeran nan da na ce Allah ne ya aiko, guba ya ci. Da Kawu bai samu mota ba, da na bi dokarka sarai, da yanzu na binne ta.

Kwana biyu ta yi kwance. Ran Talata na same ta ta sa baki a kwanon ruwa. Ran Laraba ta naɗe kamar gammo da na buɗe kwando, ban taɓa murnar ganin ta ɓoye mini kai ba sai ranar.

Kaka kuwa, duk ba mu san ta ba. Ran Litinin da Mama ta tafi makaranta, Kaka ta ce, "Fito mini da ita." Na ce, "Kaka, ba ta cizo, don Allah kada ki..." Ta ce, "Ni za ki koya wa?" Ta sa hannu biyu a ƙarƙashin tsakiyarta, daidai yadda ka rubuta, ta ɗora ta a cinya. Ta yi mata magana da Ibo a hankali, irin muryar da take yi wa jarirai. Ta ce sunanta eke. Ta ce a garinsu ba a kashe ta, baƙuwa ce. In ta shigo ɗaki sai a yi mata maraba, in ta gama hutawa a raka ta. Wanda ta mutu a hannunsa kuwa sai ya nemi farin ƙyalle ya binne ta kamar mutum. Ta ce tana da shekaruna aka sa ta a jirgin ƙasa zuwa Kafanchan, tun daga ranar ba ta ƙara ganin ko ɗaya ba. Na ce to me ya sa ta ƙi cin abinci ran Asabar? Ta ce, "Baƙuwa ta yi amai a ɗakina, ni in zauna in ci tuwo?"

Na ce kada ta gaya wa Mama. Ta ce ita ba ta ɓoye baƙo.

Ran Alhamis da yamma ta sa na kira Mama. Mama ta shigo tana goge hannu, ta ga abin da ke cinyar Kaka. Ta ce "Yesu!" ta fita. Na san inda za ta. Ta dawo da taɓarya.

Ban san lokacin da na ɗauke Caroline na tsaya a tsakiyar ɗaki ba.

"Ajiye shi, Kamsi."

"A'a, Mama."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. Mako bakwai ina riƙe da ita. Sai dai ki haɗa da hannuna."

Muryar ta fito da ƙarfi har ni kaina na waiga. Mama ta tsaya tana kallona kamar an sauya mata 'ya a kasuwa.

Kaka ta ce, "Angelina, zauna. Shekara goma sha tara ina cin tuwonki. Ɗana ya rasu, ba ki kore ni ba. Na taɓa roƙonki wani abu?"

"Mama, maciji ne fa. Ke da kike jan rosari safe da yamma!"

"Zan ja na yamma in kin fita. Wannan ba ita ce ta lambun Adnin ba, wannan ko ɓera ba ta iya riƙewa a ciki."

Mama ba ta yi dariya ba, amma ta jingine taɓaryar. Ta ce kai kuma za ku haɗu ran Kirsimeti, Fada ko ba Fada ba. Ta ce muddin abin nan yana ɗakin, ƙafarta ba za ta ƙara taka shi ba. Wanka, shara, abinci, fo, duk abin da take taya ni ran Asabar da Lahadi, yanzu nawa ne ni kaɗai. Na ce na ji. Ka ga ɗakina ya ƙara ƙanƙancewa ke nan. An wanke akwatin an shigo da shi, yana ƙarƙashin gado. Kaka ta sa na rufe ƙafar Uwa Maryamu da hankici, wai kada baƙuwa ta gani ta ji ba daɗi.

Saura abinci. Mako biyun da ka ce za su cika ran Asabar mai zuwa. Na karanta wa Kaka maganar Malama Zamzam. Jiya Mama tana wucewa ta ƙofa, Kaka ta ce, "Ran Asabar ta sama Kamsi za ta Gidan Waya." Mama ta ce daga baranda, "Wa zai zauna da ke?" Kaka ta ce, "Ina da baƙuwa."

Sai Mama ta ce in sa hular kwano in babur ɗin yana da ita, kuma in dawo kafin sha biyu.

Ni kaɗai zan je, Yaya. Zan tsayar da mai babur da kaina, zan buga ƙofar matar da ban taɓa gani ba, in buɗe baki in ce ɓera nake so. Tun jiya nake gwadawa a gaban akwatin. Sau biyu na kai ƙarshen maganar ban shaƙe ba. Kaka ta ce in ƙara murya, wai ko Caroline ba ta ji ni ba.

Ƙanwarka,
Kamsiyochi